Abin da masu gina manhajojin intanet a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, suka tsayar kan fayilolin da jama'a ke ɗorawa

A tattaunawarsu, magana ta fi tsayawa kan shafukan rajistar ɗalibai, inda ake ɗora hoton katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa. Kowa ya yarda cewa sunan fayil ba shaida ba ne. Mugu zai iya sa wa lambar PHP (umarnin kwamfuta da aka rubuta da yaren PHP) suna "hoto.php.jpg", sabar (kwamfutar da ke riƙe da shafin) ta gudanar da ita idan ba a saita ta da kyau ba. Don haka a duba baitocin farko, wato alamomin da ke farkon abin da ke cikin fayil: JPEG yana farawa da FF D8 FF, PDF kuma da %PDF.

Sai a canja sunan da wani da ba a iya hasashensa, da sabar ta ƙirƙira, wanda ke toshe dabarar "../" ta kutsawa cikin manyan folda. A ajiye fayil a wajen foldar da intanet ke gani, a hana gudanar da kowace lamba a can.

SVG kuwa, wani nau'in fayil na hoto, gara a ƙi shi, domin yana iya ɗauke da JavaScript, lambar da burauzar mai buɗe shi za ta gudanar. Hoton waya a sake sarrafa shi, bayanan EXIF da waya ke sakawa cikin hoto su fita, har da wurin da aka ɗauka.

A PHP, upload_max_filesize, saitin iyakar girman fayil da za a ɗora, yana zuwa da megabait 2. A ƙara shi daidai buƙata kawai. ClamAV, manhajar gano ƙwayoyin cutar kwamfuta, yana taimakawa, amma ƙwayoyin da aka riga aka sani ya fi kamawa.