Neman kalma: me za mu kira "package" a darasin girka manhaja?

mai_darasi: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka, lokaci ya ƙure mini. Ranar Asabar zan naɗi darasi na uku na koyar da Linux (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows) da Hausa, a kan yadda mutum zai duba ko wata manhaja tana kan kwamfutarsa, da yadda zai girka ta ta hanyar rubuta umarni. Kalmomi uku suka tsaya mini a wuya: package, package manager, da dependency. Ga jimlar da nake son faɗa: "Kafin ka rubuta `sudo apt install curl`, fara rubuta `apt policy curl` ka ga ko wannan ___ ɗin yana nan." Me zan sa a gurbin?

injiniya_b: Wa alaikumus salam. Fakiti kawai, Malam. Kowa ya san fakiti. Shi kuma apt, wato package manager ɗin da ke girka su, ka ce masa manajan fakiti.

mai_fassara: Ni ƙunshi nake rubutawa, jam'i ƙunsa ko ƙunshe-ƙunshe. Fakiti yana da matsala guda: ranar da ka zo darasin intanet za ka ci karo da packet, wato gutsattsarin bayanan da ke yawo tsakanin na'urori, kuma fakiti daga wannan kalmar ya fito. Idan ka kashe ta yau, da me za ka kira waccan gobe?

injiniya_b: To me ya hana a ce manhaja a huta? Ai curl manhaja ce.

'yar_debian: A'a Yaya, nan ne ɗalibai ke ruɗewa. Ka buɗe fayil ɗin .deb ɗaya, wato irin package ɗin da apt ke girkawa, ka gani. Akwai fayilolin da za a zuba a kwamfuta, akwai kuma wata ƙaramar takarda mai suna control da ke ɗauke da sunan abin, lambar sigarsa, wanda ke kula da shi, da layin Depends inda aka jera abubuwan da ba zai yi aiki ba sai da su. Wani ma babu manhajar da za ka kunna a cikinsa, salon haruffa ne kawai ko littafin bayani. Manhaja ɗaya kuma tana iya rabuwa gida biyar. Abubuwa ne aka tattara aka ƙunshe, aka manna musu takardar shaida. Ina bayan ƙunshi.

malam_nahawu: Madalla da ƙunshi. Amma "manaja" ba za ta shiga darasin Hausa ina kallo ba. Harshen nan yana da injin ƙera kalma nasa. Daga buɗe muka sami mabuɗi, daga dubawa muka sami madubi. To daga girka sai magirki: abin da ake girkawa da shi. apt magirki ne, haka a wasu nau'o'in Linux: dnf na Fedora magirki ne, pacman na Arch magirki ne. Jam'i magirkai. Na shekara biyu ina amfani da ita.

mai_darasi: Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗi a baki. Damuwata ita ce girkawa kashi ɗaya ce cikin aikinsa. Yana nema, yana dubawa, yana sabuntawa, yana cirewa da `apt remove`, har ya share saitunan da suka rage da `apt purge`. Rabin darasina ma a kan dubawa ne.

malam_nahawu: Mabuɗi ma yana kullewa, ba wanda ya taɓa ƙorafi.

injiniya_b: Malam, da girmamawa, ɗalibin nan idan ya gama darasi zai koma gaban baƙin allo ne, kuma allon da Turanci zai yi masa magana. Zai ga "Unable to locate package". Idan kunnensa ya saba da fakiti, nan take zai haɗa. Idan magirki da ƙunshi ya sani, sai ya sake fassarawa a kansa. Mu da muke wannan aikin kullum ba mu cewa magirki, kuma ba za mu fara ba.

malam_nahawu: Wannan maganar ce ta hana mu ci gaba. Kullum "mu masu aikin". Ku kuka san na'ura, mun yarda, amma harshen ba naku ba ne ku kaɗai. Duk wanda ya iya Turanci sai ya ga kamar Hausa ba za ta ɗauki ilimi ba. Da haka aka bi, da yau ba mu da jirgin sama, ba mu da na'ura mai ƙwaƙwalwa.

mai_fassara: Malam, ai na'ura mai ƙwaƙwalwar ma kwamfuta ta fi ta yawo a bakin mutane. Ita manhajar da muke ta faɗa daga Larabci aka aro ta, na'ura ma haka. Aro ba gazawa ba ne. Ni abin da ya sa na ƙi fakiti karo da packet ne, ba don baƙuwa ce ba.

injiniya_b: Kuma ban ce Hausa ta gaza ba, kada a ɗora mini. Da na raina ta da ban zauna ina wannan muhawarar ba.

malam_nahawu: Larabci daban, wannan ya daɗe da zama jini da tsoka.

'yar_debian: Don Allah iyayena a dawo kan darasin Asabar. Akwai abin da ya fi sunan apt haɗari, ba wanda ya taɓo shi. Na taɓa zama da wata ɗaliba da ta rubuta `sudo apt update`, ta ga layuka sun gudu, ta rufe kwamfutar tana murna ta sabunta komai. Ba abin da ta sabunta sai jerin sunaye. Umarnin nan yana zuwa ma'ajiyoyin ƙunshi (repository) da aka rubuta adireshinsu a fayil ɗin /etc/apt/sources.list da makamantansa ne ya ɗauko sabon lissafin abin da ke akwai. `apt upgrade` ne ke sauko da sababbin sigogi ya girka. Idan Malam ya fassara su biyun da "sabuntawa", ya gama ruɗa aji. Ni ina cewa sabunta jeri ga na farko, ɗaukaka ƙunshi ga na biyu.

Haka wajen dubawa. "Yana nan" magana biyu ce. `apt policy` zai nuna layi biyu: Installed da Candidate. Idan na farko ya ce none, ba a girka ba, na biyun kuma shi ne wanda za a kawo in ka nema. A `dpkg -l` kuma, wato umarnin da ke jero ƙunshe-ƙunshen kwamfutarka, ka dubi haruffan farkon layi: ii na nufin a girke yake, rc na nufin an cire shi amma saitunansa suna nan. Sai a bambanta "a girke yake" da "akwai shi a ma'ajiya".

mai_darasi: Allah ya saka da alheri, Malama. Wallahi jimlata ta sama ma da wannan kuskuren a cikinta. Na gyara: "ka ga ko ƙunshin a girke yake." Saura dependency.

mai_fassara: Abin dogaro. Ko madogara, sai dai masu rubutun bincike sun riga sun kama ta.

'yar_debian: Ni 'yan rakiya nake ce musu a aji. Ka nemi abu ɗaya, apt ya jero maka wasu goma ya ce tare za su zo, ya tambaye ka Y ko n, wato e ko a'a. Bayan ka cire babban, `apt autoremove` ya sallami waɗanda ba mai buƙatarsu.

malam_nahawu: Ɗan rakiya ana iya tafiya ba shi. Wannan kuwa in babu shi manhajar ba ta tashi. Abin dogaro ya fi daidai.

'yar_debian: Gaskiyar Malam ce. 'Yan rakiya sun fi dacewa da layin Recommends, waɗanda apt ke kawowa amma ana iya hana shi.

mai_darasi: To ga inda na tsaya. Ƙunshi, abin dogaro, ma'ajiya, sabunta jeri, ɗaukaka. A karon farko zan faɗi kalmar Turancin sau ɗaya saboda abin da Injiniya ya ce game da saƙon kuskure. Shi apt zan ce "mai kula da ƙunshi". Malam a yi mini afuwa, magirki zan ajiye ta wa abin da aikinsa girkawa kaɗai ne.

malam_nahawu: Kalma huɗu a inda ɗaya ta isa. Darasinka ne, ka yi yadda ka gani. Ni dai a rubutuna magirki ce.

injiniya_b: Ƙunshin zan gwada, ban yi alkawari ba. Idan ka zo kan pip da npm, masu kula da ƙunshin harsunan rubuta manhaja Python da JavaScript, ka sake buɗe maganar, don a can akwai module da library, kuma ƙunshi ɗaya ba zai ɗauke su duka ba.