Ɗora wa kazar silki ƙwan zabbi da damina: me kuka gani?

Mai Akurki:
Salamu alaikum. Damina ta kankama, zabbi sun soma zuba ƙwai, kuma kowa ya san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci a gida. Masu kiwon silki, kajin nan 'yan asalin ƙasar Sin masu laushin gashi da baƙar fata da yatsu biyar, ku taimaka mana da abin da kuka gani da idonku. Ƙwai nawa take rufewa, yaya ake shirya mata wuri, kuma ta ina asara ta fi shigowa?

Hajiya Mai Zabbi:
Wa'alaikumus salam. Malam, kada yawan gashinta ya ruɗe ka. Ƙaramar silki da ƙyar take kai kilo ɗaya, sauran duk gashi ne. Ƙwan zabbi 6 zuwa 8 ya ishe ta. In ka ga ko ɗaya yana leƙowa daga gefenta, sun yi yawa, ka rage. Kullum tana juya su, na gefe ya koma ciki, na ciki ya fito gefe, kowanne sai ya sha rabonsa na sanyi. Kwaɗayin ƙwai biyu ya ja maka asarar takwas.

Kafin ka ba ta, ka gwada ta kwana 2 ko 3 da ƙwan da ba ka damu da shi ba. Mai kwancin gaske tana kwana a kai, tana baje jiki, tana ƙunƙuni in ka kai hannu, za ka kuma tarar ta fige gashin ƙirjinta. Ƙwan da za ka sa kada ya wuce kwana 7 da saka shi, a ajiye shi wuri mai sanyi, tsinin yana ƙasa, kuma ba a wanke shi. Ka yi wa kowanne alama da fensir, ka sa su duka dare ɗaya. Ƙwan zabbi kwana 26 zuwa 28 yake yi, na kaza 21. In dole sai ka haɗa, to na zabbi ya riga shiga da kwana 6 ko 7. In ba haka ba, tsakinta na fitowa za ta jira kwana ɗaya ko biyu ta tashi ta bar sauran.

Baban Tsaki:
Hajiya ta gama magana a kan ƙwai. Ni ta wajen ruwa zan ƙara. Gashin sauran kaji yana da 'yan ƙugiyoyi da ke sarƙe zare da zare, shi ya sa ruwa ke gangarewa a kansa. Na silki ba shi da su. Ruwa na taɓa ta yake kai wa fata, kamar an jiƙa auduga, kuma saboda wannan dalilin ne ba ta iya tashi sama. Don haka kwali ko kwando mai faɗin kamar santimita 35 ta kowane gefe, a ɗora shi kan bulo ɗaya kawai, ya tsere wa danshin ƙasa amma ta iya hawa da taku. A zuba ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsu huɗu, a lotsa tsakiya. Kada a sa shi saitin inda kwano ke yoyo ko inda iska ke kaɗo feshi.

In ta jiƙe, a goge ta da tsumma, a ajiye ta kusa da ɗumi har gashin ƙarƙashin fiffike ya bushe sarai, sannan a mayar. A rufe ƙwan da busasshen zane kafin nan.

Gashin ƙafarta ma abin lura ne. Yana kwaso taɓo da kashi ya shafa wa ƙwai, wani lokaci in ya dunƙule har ya jawo ƙwai waje. A rage shi da almakashi tun ranar farko, amma a kauce wa sabon gashi mai jini a gindinsa.

Mai Akurki:
Na gode ƙwarai. To maganar yayyafa wa ƙwai ruwa fa? Wasu na cewa ɓawon ƙwan zabbi ya cika tauri.

Hajiya Mai Zabbi:
Da rani ne ake wannan tunanin. A watan Yuli da Agusta iskar kanta cike take da laima, ƙarin ruwa ɓaragurbi kawai zai jawo. Abin da ya fi shi amfani shi ne haskawa. Dare na 10, ka shiga da tocila mai ƙarfi, ka kafa ta a fafaɗan kan ƙwan. Ɓawon yana da kauri da ɗige-ɗige, sai ka natsu, amma mai rai za ka ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo. Wanda haske ya ratsa fayau, ko mai jan zobe ɗaya a kewaye, cire shi kafin ya fashe ya ɓata sauran.

Malamin Dabbobi:
Duk kun yi maganar ƙwai, ni kazar nake ji. Silki tana da nacin kwanci har ta manta da cikinta, ga shi an ƙara mata mako guda kan abin da ta saba. Wadda ba ta sauka da kanta, a ɗaga ta sau ɗaya a yini, minti 15 zuwa 20, ta ci, ta sha, ta yi kashi, ta yi birgima. Kashin mai kwanci babba ne mai wari, wannan ba ciwo ba ne. Lokacin ɗagawa a fara lalube ƙarƙashin fiffike, tana maƙale ƙwai a nan ya faɗo. Abincinta girowa ne, wato abincin kaji masu tasowa, da ɗan ɓarzajjen hatsi, ba leya ta masu saka ƙwai ba, tunda ba ta saka ƙwai, ba ta bukatar yawan sinadarin ɓawo.

Inda aka fi yin asara kuwa ƙuma ce da ƙwarƙwata. A kazar gida, da jini ya ragu zankonta zai kwaɗe ya yi fari, ka gane. Zankon silki da fuskarta baƙi ne tun asali, ba za su gaya maka komai ba. Hannu ne zai gaya maka: duk kwana uku ka shafa ƙashin ƙirjinta, in ya fito kamar bakin wuƙa ta rame. Ka buɗe gashin gindin wutsiya da dare ka haska. A ajiye mata kasko na busasshen yashi da tokar itace a inuwa, a sa hodar ƙwari ta kaji a shimfiɗa kafin ta hau, a canza shimfiɗar in ta yi danshi. Rigakafin Lasota, na cutar kaji ta Newcastle, kuma a yi shi kafin kwanci. Ƙwan agwagwar gida da ke kwana 35, ban ba da shawarar a ɗora wa silki ba.

Inna Uwar Silki:
'Ya'yana, ƙyanƙyasa rabin aiki ce. Daga kwana na 25 a daina ɗaga ta. Da sun fito, safe da yamma a ɗaga ta a hankali a ƙirga su, domin zaren gashin cikinta in ya cukurkuɗe yana naɗe wuyan ɗan zabo ko ƙafarsa. Duk inda ya dunƙule a datse.

Ɗan zabo raɓa ce ajalinsa. Uwar za ta so ta fita da su da sassafe, ita ta jiƙe, su jiƙe, babu mai ɗumama wani. Mako 4 zuwa 6 na farko a killace su a busasshen wuri, da waya mai ƙananan ido, don ta ramin wayar kaji ta yau da kullum suke sulalewa. Mazubin ruwa ya zama marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki. Sun fi tsakin kaza bukatar abinci mai gina jiki, sitata, wato abincin ƙananan tsaki, kaɗai tana yi musu kaɗan, sai a haɗa da dafaffen ƙwai da aka murmushe da gara.

Ranar da za a fara sakin su, a jira rana ta ɗaga, a kuma rage wa uwar tukkun da ke rufe mata ido, in ba haka ba sai shirwa ta sauko ba ta gani ba.

Malamin Dabbobi:
Inna ta tuna mini abu ɗaya. Bayan ta yaye su, za ta yi ƙwai kaɗan ta sake neman kwanci. Kada a biye mata nan take. A sa ta a keji mai ƙasan waya, ba shimfiɗa, da abinci da ruwa, kwana 3 ko 4, kwancin zai sake ta. Sai ƙirjinta ya cika an ji nama a hannu sannan a sake ɗora mata wasu.