Musayar Waƙa: Eddie Aikau, Mai Ceton Waimea

Mai Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Maudu'inmu na wannan makon Eddie Aikau ne, mutumin Hawai da ya yi suna wajen hawan manyan igiyoyin teku a kan allo. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo "wa". Ga nawa, mai ƙari ya shigo.

Da sunan Allah zan fara,
Mai ba bawa ilmi da basira,
Shi ya yi teku, ba shi da tsara,
Ya hore wa wasu hawan ruwa.

Eddie Aikau ɗan Hawai ne,
Tsibirin Maui can gida ne,
1946, watan Mayu ne,
Aka sha barkar haihuwa.

A 1959 suka tashi,
Oahu ta karɓe su har da shi,
Iyayensa sun samu gida, ga aikinshi:
Kula da maƙabartar Sinawa.

Yana ɗan 16 ya bar makaranta,
Ya kama aiki a masana'anta
Ta abarbar gwangwani, albashinta
Da shi ya sai allon hawan ruwa.

Autan Zaure:
Malam, a yi mini bayani,
Ni teku ban taɓa gani,
Ta yaya allo ke ɗaukar wani
A kan igiya ba ya nitsewa?

Ɗan Tabki:
Auta, matso in ba ka labari,
Allon dogo ne, mai tsini, siriri,
Rubda ciki za ka kwanta tun fari,
Hannu biyu su ne abin tuƙawa.

In igiya ta taso ta baya,
Ta ɗaga ka sama kamar kaya,
Wuf ka miƙe, ƙafa ta tsaya,
Ka zuro gabanta kana karkacewa.

A gaɓar Waimea ta Oahu in hunturu ya kama,
Guguwar arewa ce ke girma,
Igiya ƙafa 30 ta yi sama,
Wanda ya makara shi take dannewa.

Eddie na da jan allo, da shi yake shiga,
Ran da gwanaye ke tsaye suna hanga,
A 1977 duniya ta ga
Gasar Duke Kahanamoku yana cinyewa.

Gwaggon Zaure:
Na ga dai ku maza kofi ne ke burge ku. To ku saurara.

'Ya'yana, kun biye wa kofi,
Kun bar aikin da duk ya fi,
Wanda ke sa shi shiga zurfi
Don ɗan wani ya samu dawowa.

1968 aka ɗauke shi aiki,
Mai ceto na farko a wannan baki,
Waimea, inda teku ba ta da sauƙi,
Shi ke zaune yana dubawa.

Ba babur ɗin ruwa a zamanin,
Allo da ƙarfin damtse ne makamin,
Sama da 500, ku riƙe adadin,
Ya fiddo daga bakin mutuwa.

Kuma duk tsawon zamansa a gadi,
Ba a ce ga wanda ya faɗi
Ruwa ya ci shi ba, wannan daɗi
Kofin Duke bai kai shi ba kuwa.

Mai Alƙalami:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma, ba mai ja da ke a nan. Saura labarin kwalekwalen da Eddie ya shiga a tafiyarsa ta ƙarshe.

Hokule'a, kwalekwale tagwaye,
An ƙera shi a siffar na iyaye,
Ba na'ura, taurari ake biye,
Tahiti suka nufa da zuwa.

Ran 16 ga Maris suka tashi,
1978, iska na ta fushi,
Ruwa ya cika ɓangare guda nashi,
Cikin dare sai ga kifewa.

Mil 12 kudu da tsibirin Molokai,
Suka kwana maƙale, sanyi har kai,
Gari ya waye Eddie ya ce zai kai
Tsibirin Lanai a allo, ya kira masu cetowa.

Rigar kariyar nitso ta hana shi tuƙi,
Ya cire ta don ya samu sauƙi,
An yi ta nema, teku ta ƙi,
Ɗan 31, har yau ba gawa.

Ɗan Tabki:
Malam, a nan zan ja da kai,
Ƙa'idar matuƙa sananniya ce sarai,
In jirgi ya kife a riƙe shi kawai,
Shi mai nema ke iya hangowa.

Sauran da suka zauna ai sun tsira,
Jirgin sama ya ga wutarsu ya kira,
Dakarun gaɓa suka zo ba jira,
Da ya zauna yana cikin masu komawa.

Gwaggon Zaure:
Ɗana, kai kana kan tudu a bushe,
Ka kuma riga ka san ƙarshe,
Su kuwa sanyi na neman ya kashe,
Igiya na jan su nesa da kowa.

Rediyo ta tafi, ba jirgin rakiya,
Bai kuma tafi don suna ko fariya,
Kyaftin ya ba shi izinin tafiya,
Wanda ya saba ceto ba ya iya tsayawa.

Ɗan Tabki:
Gwaggo, ban taɓa jarumtarsa ba,
Izinin ne ban yarda da shi ba,
Da aka koma a 1980 ba a sake ba,
Da jirgin rakiya aka yi fitowa.

Nainoa Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kwana a ruwan nan, shi ya ja su zuwa Tahiti a wannan karon, ya kuma dawo da su gida lafiya. Shi ya sa nake nan a kan bakana.

Autan Zaure:
Ni dai na leƙa na ga gasa,
Da ake yi a Waimea da sunansa,
Sai igiya ta kai ƙafa 40 bisa,
In ba ta kai ba sai shekara ta wuce ba a bugawa.

Ƙanensa Clyde ya taɓa cinye ta,
A 2023 Luke Shepardson ya ɗauke ta,
Mai ceto ne, yana bakin aiki ran da aka yi ta,
Ya hau igiya ya koma gadin ruwa.

Mai Alƙalami:
Auta, sannu da ƙoƙari, amma a baitocinka na gasar nan, ɗangon ƙarshe na baiti na farko ya yi tsawo, na uku a baiti na biyu ma haka, ka rage musu. Gwaggo da Ɗan Tabki, maganar izinin kyaftin ba ta mutu ba. Zaure a buɗe yake har Juma'a, kuma wanda zai shigo ya riƙe "wa".