Hajiya ta ƙi fita saboda sanyi, in kai ta kallon snowdrop?

Assalamu alaikum jama'ar gida. Mahaifiyata ta zo mini wankan jego nan Edinbura, babban birnin Sikotland, tun Disamba, kuma in ba ranar asibiti ba, ko ƙofa ba ta leƙawa. Kullum tana jikin hita da mayafi biyu. Kwanan nan ta fara shiru-shiru, abinci ma sai na matsa mata. Maƙwabciyata ta ce in kai ta kallon snowdrop, ƙananan fararen furannin nan masu sunkuyar da kai da ke fitowa ƙarshen Janairu. Tsorona kada in fito da ita a kan fure ta dawo da ciwon ƙafa. Waɗanda suka taɓa zuwa, ina ya dace, yaya kuma ake shiri?

Wata uwa daga Fife: Wa alaikumus salam, Allah ya raya mana. Ki kai ta, ƙanwata, amma kada ki fara da nisa. Lambun Botanic na Inverleith cikin gari yake, shiga kyauta, hanyoyinsa a shimfiɗe, keken jariri zai bi, ga kujerun hutawa da wurin shan shayi. In ta ji daɗi sai ku zo mana lambun Cambo a nan Fife, kusa da garin St Andrews. Can kam furen ya rufe ƙasan daji, ana bin gefen ƙorama har a ɓulla bakin teku, nau'in furen ya haura 200. Sai dai ana biyan kuɗin shiga, kuma akwai laka. Ba gaggawa, lambuna da yawa a Sikotland na buɗewa don wannan har cikin Maris. Ku fita tsakanin ƙarfe 11 da 2, ranar da sanyi ya ɗan sassauta. Da sassafe furen a tsuke yake, sai iska ta yi ɗumi yake buɗewa. Ki ɗago mata guda da yatsa ta ga ɗigon koren da ke ciki.

Wani ɗalibi a Gilasgo: Anti, gaskiya kada ki zuzuta mata abin. Tsawonsa da ƙyar ya kai taƙi ɗaya. Da na kai kawuna, tsayawa ya yi ya ce, “Wannan 'yar albasar kuka taso ni gani?” Amma shi ne kuma ya ƙi tafiya, yana ta ɗaukar hoto yana turawa gida. Ki ce mata shan iska za ku, kawai.

Ma'aikaciyar jinya: Ni kayan sawa zan yi wa magana. Dogon wando mai ɗumi a ƙarƙashin zane, riguna marasa nauyi biyu ko uku kafin babbar rigar sanyi, safar hannu, hula a ƙarƙashin hijabi. Takalmi mai kama ƙasa, ban da silifas, domin santsin ƙanƙara ya fi sanyin kansa haɗari ga tsoho. Rabin awa ya isa a fitar farko. Shirun nan kuma kada ki raina shi. Hukumar lafiya ta nan na ba da shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, saboda ƙarancin rana. In shirun ya ci gaba ki kai ta likita. Ku kula da yara kuma, saiwar furen guba ce.

Wani dattijo a Kambirij: 'Yata, ki ja wa Hajiya kunne da ladabi, kin san iyayenmu da son ɗaukar iri. Dokar Birtaniya ta 1981 ta hana tone tsiron daji ba da izinin mai ƙasa ba, lambun kuwa na masu shi ne. Turawan nan ba sa wasa da shi, a 2022 an sayar da saiwa guda fam 1,850. In tana so, ana sayar da na tukunya da araha. Ku yi alwala tun a gida, la'asar na shiga da wuri, magariba ma farkon Fabrairu kafin ƙarfe 5 take.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta mata duka, ta yi dariyar maganar albasa, ta ce fam 1,850 ɗin ne take so ta gani da idonta. Asabar za mu Botanic in Allah ya yarda. Yaya ta Fife, hanyar Cambo keken jariri zai iya, ko in goya shi?