Libarbar kakanmu ta yaƙin Bama: nawa ya kamata a yi mata kuɗi?

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu bayan babbar sallah, yanzu muna tattara kayan gado. A can ƙasan adakarsa muka tarar da libarba naɗe cikin tsohon rawani. Ta kakanmu ce, wanda ya yi soja a yaƙin Bama, wato Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu. A jikinta an buga Webley, Mark VI da 1917, ga kuma wata 'yar alama mai siffar kan kibiya. Gidan harsashinta rami shida ne, in ka danna wani ƙarfe sai ta buɗe gida biyu. Bakinta ya ɗan yi tsatsa, mariƙin ya tsage ta gefe ɗaya, kubenta na fata ya bushe ƙamas. Ba harsashi, ba takarda. Tare da ita akwai lambar yabo mai siffar tauraro da littafin sallamarsa daga soja.

Wani mai harkar kayan tarihi ya taya naira dubu 400, kuma ya matsa min da waya. Malamin da zai raba gado ya ce a yi wa komai ƙima. Ƙannena uku mata ne, ba na so haƙƙinsu ya salwanta a hannuna. Tayin ya yi, ko in jira?

Tsohon Sufeto:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, kada ka sake ɗaga wayar mutumin nan. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa ake riƙe su. Ba kamar bindigar farauta ba ce da Sufeto Janar ke ba wa lasisi. Sayarwa kuma sai dila mai rajista. Tsufanta ba ya fitar da ita daga doka, wanda aka kama da ita shekara 10 yake fuskanta. In ka sayar aka yi fashi da ita a Oshodi, sunanka za a fara kira. Kuma kada ka sa ta a jaka ka hau danfo. Ka nemi lauya ya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda a Ikeja, su faɗa muku yadda za a miƙa ta, ku karɓi takardar shaida mai lambar bindigar.

Malam na Idi-Araba:
Maganar Baba ita ce magana. Game da ita kanta bindigar: a Bamingam ta Ingila aka ƙera ta, sojan Birtaniya sun fara riƙe samfurin a 1915, an kuma ci gaba da aiki da shi a yaƙin duniya na biyu. Kibiyar nan tambarin kayan gwamnatinsu ce. A ƙasashen da aka halatta cinikin, masu tarawa suna duba ko lambobin sassanta sun zo ɗaya, ko ba a sake mata fenti ba, ko ba a aske gidan harsashin don ya ɗauki harsashin Amurka ba. An ƙera su da yawa, ba abu ba ne mai wuyar samu. Shi ya sa nake zargin mai tayin nan, ba tarihi yake nema ba.

Hajiya Obalende:
Yaro, ka gaya wa malam gaskiya, abin da ba ya sayuwa ba a sa shi a lissafi. Tauraron nan da littafin sallamar ku adana su da kyau, ku ɗauki hotonsu, kowace ƙanwarka ta samu. A littafin za ku ga ko runduna ta 81 ya yi ko ta 82, wato rundunonin sojan Afirka ta Yamma da aka kai Bama. Ka roƙi lauyan ya tambaya ko gidan tarihi na Onikan ko na yaƙi da ke Umuahia za su karɓe ta da sunan kakanku.

Ɗan Agege:
Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Na kulle adakar, mukullin yana hannun yayan babanmu. Ranar Litinin za mu je wurin lauya tare da shi.