Wai Django na ɗaukar gyara ba tare da saba ta mutu ba?

Na Samaru: Salamu alaikum. Ni dai ina kan bakana: a Django, kayan aikin nan na gina shafin intanet da yaren Python, da ka adana fayil gyaran ya hau, saba, wato shirin da ke ba da shafin, ba ta mutuwa. Ko maɓalli ba na taɓawa.

'Yar Kongo: Wa alaikumus salam. Yaya, kai ne ba ka kashe ta ba, amma tana mutuwa. Runserver, umarnin Django da ke tayar da sabar gwaji, na leƙa fayilolinka duk bayan daƙiƙa 1, da ya ga canji sai ya kashe ta ya tayar da sabuwa. Gwada ka gani: ajiye wata lamba a memori, ka yi gyara, ka dawo ka neme ta. Flask, wani kayan gina shafi na Python, da nodemon na masu yaren JavaScript ma haka suke yi.

Na Samaru: To ai duk ɗaya ne, tunda aiki na tafiya.

Malam na Tudun Wada: A'a ɗana, ba ɗaya ba ne, kuma gara da suke kashe ta. Python na da importlib.reload, wanda ke sake karanta fayil alhali shirin na gudana. Sai dai abubuwan da aka riga aka ƙera da tsohon kod suna nan da tsohon halinsu. Sunan da ka ɗauko zuwa wani fayil da "from" ma bai san an yi gyara ba. Sai ka kwana kana farautar kuskuren da ka riga ka gyara. Wannan ɓata lokacin yake ba ni takaici ga ɗalibai.

Na Sabon Gari: Allah gafarta Malam, mu masu gina shafi da yaren PHP fa? Kowace buƙatar da burauza ta aiko daga farko take somawa, babu abin kashewa. Ko da OPcache, mai ajiye kod ɗin da aka riga aka karanta a memori, bayan daƙiƙa 2 yake sake duba fayil, in ba a canza saitin ba.

'Yar Kongo: Wannan gaskiya ne. Vite ma, kayan aikin masu yaren JavaScript, a burauza yana musanya ɓangaren da ka taɓa kaɗai, in kuma da React, kayan gina fuskar shafi, kake aiki, har abin da ka rubuta a fom yakan tsaya.

Na Samaru: Na ji, amma tsohuwar laftof ɗina, ga ba wuta, kowace tayarwa cin batir ce. Shi ya sa nake son wadda ba ta mutuwa.

Malam na Tudun Wada: Sa Watchman, manhajar da ke sanar da canjin fayil, da pywatchman mai haɗa ta da Python. Tun Django 2.2 yake aiki da su, sai ya daina leƙen nan na kowace daƙiƙa. Tayarwar dai tana nan. Kuma don Allah kada wanda ya ɗora runserver a shafin da jama'a ke shiga.

Na Samaru: Zan gwada in sha Allah. Maganar lambar nan kuwa, ƙanwata, sai na gani da idona.