Zumunta a ƙafa take, ko waya ta wadatar?

Malam na Misfala (unguwa a Makka): Jama'a, wai tunda waya ta zo, abokin da ke Gadarif ta Sudan daidai yake da wanda ke unguwar Jarwal nan Makka. Ban yarda ba. Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas a Amurka ya ƙiyasta a 2018 cewa sai an yi kamar awa 50 tare kafin sanin ido ya zama sabo, awa 90 kafin abota, sama da 200 kafin aminci. Maƙwabci yana tara awoyin nan bai ma sani ba: sahu ɗaya a masallaci, shayi bayan Isha. Mai kiran minti 10 a mako kuwa, a shekara ko awa 9 bai cika ba.

Hajiya ta Jidda: Allah gafarta Malam, lissafinka na ƙulla abota ne. Wanda kuka yi makarantar allo tare ya cika awa 200 ɗinsa tun kafin ya taka jirgi. Abin da ya rage riƙo ne, kuma riƙo ba ya cin lokaci haka. Ga mutum a Makka, amininsa a Jidda, kilomita 80 ko ƙasa da haka, amma sai Sallah da Sallah. Wannan nisa ne ko sakaci?

Alhaji na Riyad: Hajiya ta yi gaskiya, amma rabi. Abin da ke ɓata riƙon sananne ne. Saudiyya na gaban Sudan da awa 1, tana gaban Najeriya da awa 2. Ka tashi daga dawam, wato aiki, shi yana kasuwa. Shi ya zauna hira, kai barci ya kwashe ka. Kira uku ba a ɗauka ba, kowa sai ya ce an canza masa. Magani: a tsayar da rana ɗaya, Juma'a bayan La'asar ta fi, tunda nan hutu ne. Sauran kwanaki saƙon murya, kada ya wuce minti 2, kuma a sa labari a ciki. Hoton "Juma'a Mubaraka" da aka tura wa mutum 100 ba gaisuwa ba ce.

Baffa na Mai Wurno (gari a Sudan): Ku kuna da intanet shi ya sa. Tun 15 ga Afrilu 2023 da yaƙin Sudan ya ɓarke aka warwatse, a Fabrairu 2024 kuma layuka suka ɗauke a yawancin Sudan. Sai mutum ya je wajen mai Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, ya biya kuɗin awa, ga layi a bayansa. Me zai faɗa? "Muna lafiya, a turo ta Bankak." Bankak manhajar tura kuɗi ce a Sudan. To nan ɓarnar take. In kira biyar a jere duk na kuɗi ne, na Saudiyya sai ya fara kallon waya tana ƙara har ta katse. Shi ma ga kuɗin iƙama, wato takardar zama, da haya a wuyansa, kunya ta hana shi faɗa.

Hajiya ta Jidda: Baffa, wannan ai talauci ne ya shiga tsakani. A raba su: ranar aike daban, ranar hira daban. A yanke abin da za a iya, ko riyal 100 ne a wata, a faɗa a fili.

Malam na Misfala: To ta'aziyya fa? Waya ba ta ɗaukar makara, ba ta zaman kwana uku.

Baffa na Mai Wurno: Ba ta ɗauka. Amma tun zamanin da kakanninmu suka baro Burmi ta Najeriya a 1903 ake wakilci. Ka kira a ranar, ka tura ƙaninka ya zauna a tabarma da sunanka, da sukari da ganyen shayi. Masu makoki suna riƙe wanda ya aiko.

Malam na Misfala: Ka ga dai ƙafa ce, Baffa, aro kawai aka yi.

Alhaji na Riyad: Wanda ba shi da ƙani a garin fa, wa zai ara?